Cinikin Motocin Albasa

Kamyon, babbar motar kaya, ya sake makara a hanyar Abijan, albasa ta fara tsiro a cikin buhu, Alhaji Isiyaku kuwa ya rantse wata kakar ba za ta same shi da wannan kamfani nasa na jigilar albasa a wuyansa ba. Babban direbansa, Sha'ibu, tuƙi yake yi kamar mai rakiyar gawa. Rufin mangazarsa ta ajiyar albasa a Madawa ya daɗe da ɗagewa ta gabas, iska na shiga yadda ta ga dama.

Sai dai a ƙasar Adar ɗan kasuwa ba ya shelar sayar da abin da ya gina. Kafin la'asar za a ce ya karye, kafin magariba manoma su hana shi kaya. Saboda haka ya kira dillali Takawa cikin ɗaki, ya gindaya masa sharaɗi: kada sunansa ko na garinsa ya fito sai ranar sallamawa.

Daga nan ya wuce Buza, inda ba a san shi sosai ba, ya roƙi wani dillali, Ɗangana, ya nemo masa kamfanin jigila mai lafiya. Nan ma ya hana a faɗi sunansa.

Ba a jima ba Ɗangana ya zo da albishir. Wani abokin sana'arsa yana da irin abin da ake nema: motoci masu zuwa har bakin teku, direba mai natsuwa wanda bai taɓa kayar da mota ba, da mangaza mai shan iska wadda albasa ba ta ruɓewa a cikinta. Isiyaku ya ji abin ya kwanta masa a rai, ya taya. A makon nan kuma Takawa ya ce an sami mai saye.

Daga nan tsiya ta fara. Tayin da aka yi wa nasa kamfanin na wulaƙanci ne, ya ce albarka. Ya ɗaga farashinsa don ya iya kaiwa ga wancan da yake son saye, sai ga Ɗangana da labarin wancan ma ya ɗaga. Ya fusata ya rage tayinsa, sai Takawa ya zo yana sunkuyar da kai, wai mai sayen ya ƙara ja da baya.

"Wanga mai saye naka matsiyaci ne," in ji Isiyaku.

"Alhaji, an ce mutumin kirki ne. Hannun ne dai da tauri."

Lokacin cirar albasa ya ƙarato, manoma suka fara tambayar wanda zai ɗauki kayansu. Bai sayar ba, bai saya ba, kuma bai gyara mota ko ɗaya ba. Haƙurinsa ya ƙare. Ya aika wa kowane dillali cewa ya gaji da ɓoyon suna, a haɗa shi da mutumin ido da ido.

Takawa ya ce a haɗu a Garhanga, ranar kasuwa. Ɗangana ma haka. Isiyaku ya ce ko ba komai ya rage ƙona mai.

Ya isa da zafafan maganganu iri biyu a bakinsa, ɗaya ta marowaci, ɗaya ta azzalumi. A gindin wata tsamiya ya hango Takawa da Ɗangana zaune a tabarma guda. Suka miƙe tare, kowanne ya taɓa kafaɗar ɗan'uwansa ya ce, "Ga mutumin nawa nan ya iso."