Gilashin Da Ya Saya Don Inna

"Wannan mai sauƙin kuɗi ne, amma yana aiki," in ji mai shagon, yana ɗaura sabon gilashin a bakin kyamarar. "Ka murɗa nan, ya buɗe maka ɗaki gaba ɗaya. Ka murɗa can, ya janyo maka fuska."

Shi dai mai kyamarar fuskar yake so. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarsa, ta daina gane shi. Da ya matso sai ta ja mayafi ta ƙwala wa ƙanwarsa kira, wai wani ƙato ya faɗo musu gida.

Washegari ya tsuguna a bakin ƙofa, ita kuwa tana kan tabarma tana shan hantsi. Ya murɗa gilashin har ƙarshe. Ga furfurarta ta leƙo daga ƙarƙashin ɗankwali, ga tabon haɓarta da yake shafawa yana goye. Yatsansa ya kasa dannawa.

Sai ta ɗago ta ƙura wa kyamarar ido.

"Mai hoto ne? To me kake yi can kamar wanda aka kora? Zo nan."

Ya zauna dab da ita, har yana jin ƙamshin man da take shafawa. Ta gyara ɗaurinta, ta dafa gwiwarsa.

"Ka ɗauke ni da kyau, bawan Allah. Ɗana zan aika wa. Ya daɗe bai zo ba, ina tsoron kada ya manta kamannina."