Ba A Yi Hasarar Rai Ba

Zamanin Turawa ne, shekarar da gulbin Rima ya cika ya cinye fadamar Wurno, ya tafi da yayana Sani yana ƙoƙarin tsallakar da awakinmu. Bayan sadakar arba'in aka ce jarida ta iso daga Sakkwato, kuma ta yi zancen ruwan. Baba ya riƙe hannuna, muka nufi zauren Malam Buhari, wanda ya iya boko.

Baba bai san wani rubutu ba sai Alƙur'ani da littattafan malamai, saboda haka a wurinsa abin da aka rubuta ba ya ƙarya. Sai da ya goge hannuwansa da riga kafin ya taɓa gefen takardar. Har yau ina jin warin tawadarta, kamar kananzir.

Malam ya karanta: "Ruwa ya ɓata shinkafa mai yawa a Wurno, amma ba a yi hasarar rai ba."

Baba ya ce, "Malam, mi kac ce? Sake hwaɗi."

Malam ya sake, murya ƙasa-ƙasa.

Baba ya matse mini yatsu har na ji zafi. Ya dubi Malam, ya dubi baƙaƙen da bai iya karantawa ba.

"To, wa munka bizne? Da hannuna nis sa shi kushewa!"



Yanzu na tsufa, jikoki ke karanta mini jarida. Duk sanda suka zo inda aka ce ba a yi hasarar rai ba, sai in ce a raina: ɗan wa kuma ba su ƙidaya ba?