Sikelin Baba da Takarda ta Biyu

Baba yana da ɗan sikelin tagulla na auna wasiƙa, wanda yake ajiyewa a aljihun rigarsa. Ambulan da kan sarki yake sayarwa a bakin titin Nima. Bai iya rubutun boko ba, amma ya san bakin allurar sikelin nan sarai.

Ran nan da la'asar ya zaunar da ni in rubuta wa yayana da ke aiki a Jidda. Ya ce, "Rubuta masa kowa lafiya." Alhali Mma, mahaifiyarmu, ta yi sati uku ba ta tashi daga tabarma ba. Na rubuta. Da ya juya yana sallamar wata mata, sai na cusa takarda ta biyu da na ɓoye a zanina, wadda na faɗi gaskiya a ciki, na liƙe.

Ya maƙala ambulan ɗin a sikeli, ya ɗaga. Allura ta wuce inda ta saba tsayawa. Na tsorata, domin Baba ba ya wasa da ƙarya.

"Takarda nawa kika sa?"

Na ce ɗaya.

Ya sake aunawa, ya daɗe yana kallon allurar. Sai ya yago kan sarki na biyu ya manna.

Ya ce, "Yi sauri ki kai gidan waya kafin su rufe."

Sai da na girma na gane ya san abin da na cusa a ambulan ɗin, kuma a kan ciwon Mma ya fi ni jin tsoro.