Yatsu Uku a Bayan Taya

Ni Barau ban taɓa zama a aji ba, amma na riƙe sitiyari tun kafin a haifi masu ƙera motocin nan da ke tuƙa kansu. A duk Funtuwa ni kaɗai na rage ina tuƙi da hannu. Doka ta ce duk shekara sai tsohuwar motata ta kwana a gidan awon lafiyar motoci, kuma ranar da kyamarar titi ta ga na taka farin layi, lasin ya tafi.

Da safe na je ɗaukarta. Kafin in shiga na durƙusa na zura hannu bayan tayar gaba, kamar yadda na saba. Tsakanin taya da ƙarfen shokozoba yatsuna biyu ke shiga. Yau uku suka shige. An sauya mini rim, ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, da wanda ya turo taya waje, kuma na san aikinsa: rami kaɗan, sitiyari ya fizge hannu, mota ta leƙa layi.

Na ce wa ma'aikaciyar wurin, Hassu, "'Yata, wa ya taɓa mini ƙafafun mota?"

Ta yi murmushi. "Haba Baba, yatsunka ne suka rame. Tsufa ne."

Na murza zoben azurfar da ke yatsana tun ina saurayi. Ko motsi bai yi ba.

"Shiga mana, Baba," in ji ta. "Duk kyamarorin titi kai suke jira."

Na kulle motar, na jefa makulli a aljihu. "Su yi ta jira. Bari in je gida in ɗauko tsofaffin rim ɗin da na ajiye, in turo su a baro."