Inuwar Haruffan Kanti

"Kai ka cinye mini Azahar bakwai!" Wata tsohuwa ta nuna mai fenti da sanda a gaban alƙalin Dutsin-Ma.

Tun tana amarya a Kurfi, da inuwa take gane lokacin salla. Bana aka buɗe kanti daura da ƙofarta, mutumin nan ya zana haruffan boko masu tumbi, murɗaɗɗu kamar ƙahon rago, kowanne da baƙar inuwarsa ta ɓangaren yamma. Idonta ya raunana, inuwar nan kaɗai take gani sarai. Kwana bakwai tana riƙe da buta, tana jiran inuwar ta juya gabas.

"Iya, ado ne, fenti ne," in ji mai fentin.

"Allah gafarta Malam, a tsare shi! Ko ya juya ta, ko gobe ƙiyama shi zai amsa."