Malam Ɗigo

A hukumar ƙididdiga ta ƙasa ba mai kiransa da sunan yanka. Malam Ɗigo ake ce masa, domin duk gurbin da ma'aikatansa ba su je sun ƙirgo ba, ɗigo biyu yake sa masa ya wuce. Littafin ƙauyuka na bana shafi casa'in ne, rabinsa ɗigo-ɗigo kamar mai ƙyanda.

Ranar Litinin darakta ya shigo, ya ture fayilolin da ke kan kujera ya zauna.

"Baba, jibi matar nan ta masu ba da tallafi za ta iso. Ƙasa biyu take aunawa, mu da maƙwabtanmu. Wanda ya ci shi za a bar wa aikin binciken ƙauyuka. In muka faɗi, an rufe sashenka ke nan. Don Allah ka cike guraben nan."

"Ranka ya daɗe, gada ta karye, motarmu ɗaya, ita ma ta lalace tana kan dutse. Yaran da suka mutu a hayin kogi ban ƙirga su ba. Me zan rubuta?"

"Lamba, Baba. Kowace iri."

Bai cike ba. Abokan aiki suka ce taurin kai ne, tunda masu ƙirge tara ke ci da iyalansu daga sashen nan. Shi kuwa tsoro ne ya cika shi.

Matar ta zo Laraba, da tabarau da ladabinta. Ta jera littattafai biyu a teburinsa. Na maƙwabta sai sheƙi yake, ba gurbi ko na magani. Kowane ƙauye da mutanensa, da rijiyoyinsa, da haihuwa da mutuwa, shekara ashirin da biyu a jere, kowace na hawa kan 'yar'uwarta a natse.

"Malam, dubi lardinsu na kan tsauni," in ji ta. "Ba hanyar mota, amma ko gida ɗaya ba su tsallake ba."

Ta zo karanta sunan wani ƙauye, harshenta ya sarƙe. Ya gyara mata, idonsa na kan taga.

"To ku me ya sa ɗigon ya yi yawa haka?"

"'Yata, inda aka ga ɗigo, wata rana a tura wani ya je. Gurbin da aka cike kuwa ba mai sake waiwayarsa."

Ta rubuta wani abu, ta dube shi irin kallon da ake yi wa tsoho mai neman uzuri.

Bayan mako uku rahoto ya fito. Maƙwabta maki casa'in da ɗaya, su kuwa talatin da takwas. Har aka yaba wa lardin kan tsauni, wai yara ba sa mutuwa a can sosai, don haka za a janye asibitin tafi-da-gidanka da aka yi niyyar kai musu.

Aka rufe sashen. Masu ƙirgen tara suka zo ɗaya bayan ɗaya suka yi masa sallama. Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi zagin ciwo.

Yana ɗaure littattafansa da igiya darakta ya leƙo, ya ajiye masa na maƙwabtan.

"Tafi da shi gida, Baba. Ka ga yadda ake aiki."

Ya buɗe shafin lardin kan tsauni, ya ɗora yatsa kan shekarar farko. Kashi uku cikin ɗari kawai suke ƙara mata duk shekara, ba wanda ya taɓa hawa tsaunin nan. Shi ma da maƙwabtan suka ɗauke shi aikin kwangila shekara ashirin da biyu da suka wuce bai hau ba, damina ce ta tsare shi a masauki kwana huɗu, ya zauna ya ƙago lambobin nan kaf daga kansa.