Kwalin Gaske, Ƙwayar Alli

Dogo ya murƙushe ƙwayar da gindin cokali, ya dangwala a harshe, ya tofar.

"Alli ne, Injiniya. Da da allo a nan da na rubuta miki sunana."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Wayarta na gabanta, saƙon yana nan ɓaro-ɓaro: wannan magani na gaske ne. Kuma na'urarta ce ta faɗa, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen haɗawa.

Su biyu ne kamfanin, a ɗaki guda da fanka mai kukan tsohuwar akuya. Aikinsu ba wuyar ganewa. A jikin kowane kwalin magani akwai ɗan tambari mai ruwan azurfa. Mai saye ya kankare, lamba ta fito, ya tura ta waya, a gaya masa na gaske ne ko jabu. Lamba ɗaya, tambaya ɗaya. In aka sake tura ta, asirin ɓarawo ya tonu.

To ga shi wani dattijo ya yi wata guda yana shan alli a madadin maganin hawan jini, da yardar wannan saƙon. Yanzu yana kwance, rabin jikinsa ba ya motsi. Mai kamfanin maganin bai tsaya kwana-kwana ba. Ya ce wa Injiniya ran Litinin ta zo masa da inda bangon ya tsage, ko kuwa kwangila ta mutu. In ta mutu kuwa, sai su sayar da fankar su raba.

Ta fara zargin na'ura, na'ura ta fita. Ta zargi Dogo a zuci, har ta ji kunyar kallonsa. Sai da ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ta gane. Duk na kwalayen da aka kai asibitoci ne. Ma'aikaciyar jinya da marasa lafiya ke jira ina ta ga lokacin kankare tambari? Ta ɓare, ta ba da ƙwaya, ta jefa kwali a kwandon shara da lambarsa sabuwa fil. Wani ya tsince, ya goge shi da dutsen guga har ya koma kamar yau aka buga shi, wasu su cika da alli su liƙe.

"Dubi gugar nan don Allah," in ji Dogo, yana ɗaga kwalin a haske. "In mai hannun nan ya buɗe shagon wanki, ni ne farkon layi."

A cikin murfin kowane kwali akwai ɗan tabo ruwan ƙasa, layi uku da suka haɗu a gindi, kamar sawun kaza. Dutse ɗaya ne ke nan, hannu ɗaya. A kama hannun, a kama igiyar duka.

Suka zaga asibitoci har takalminta ya buɗe baki. Masu shara suka dube ta, suka dubi tabarau ɗinta, suka ce shara ai shara ce, mota ke kwashewa. Da ɗan gari akan ci gari. Ta yi tunanin ta roƙi Inna, mahaifiyarta, ta bugi cikinsu, don Inna ta yi shekaru tana share ɗakunan nan kafin gwiwa ta zaunar da ita, kuma har yau takan ɗingisa ta je gaida tsofaffin ƙawayenta. Amma ta fasa. Inna ba ta san komai a aikin ba, "aikin wayar 'yata" kawai take ce masa. Kuma sau nawa masu alkawarin zuba jari suka ɓace, Inna ta tsaya wa hayar ofis? In an tambaye ta daga ina, sai ta ce, "Tsohuwa ba ta rasa sana'a." Wanda ya ɗauke maka kaya irin wannan ba ka ƙara masa da baƙin labari.

Litinin ta zo, hannunta wayam. Tun da safe ta biya gidan Inna don ta yi wanka, domin kwana biyu ke nan a kan kujerar ofis take kwana.

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Haka za ki je gaban manya, kamar an tono ki? Ke kullum baƙaƙen kaya, sai ka ce jemage. Kawo farar rigar nan in goge miki."

"Inna, bar shi. Ai na ce zan sayo miki sabon dutse tun da wancan ya faɗi."

"Ya faɗi ya tsage, bai mutu ba. Ni ma na faɗi sau nawa, kin canza ni?"

Injiniya ta zauna a bakin gado tana jin ƙamshin yadi mai zafi daga ɗaya ɗakin, ɗakin da Inna ke kullewa saboda tarkacenta. Tana ta jujjuya abin da za ta faɗa wa mai kamfani. Ta yi wa kanta alkawari, ko kwangila ta mutu, sai ta ga mai hannun nan a gaban hukuma, saboda dattijon da ke kwance.

Inna ta fito da rigar a kan hannu biyu, sumul, ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

"Sa, 'yar nan. Allah ya tona asirin duk mai son ɓata miki aiki."

"Amin, Inna."

Ta karɓa da ɗuminta, ta buɗe wuyan za ta zura kai. A can ciki, daidai inda dutsen ya ɗan jima, ga sawun kaza.